Jan Zaren Goggo Sauda

Ku yi mini afuwa tun kafin a je ko'ina. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, irin wadda in baƙi sun yi sallama take ɓuya a bayan littafi. Na sha ɗaukar biro in ajiye. Amma abin da ya faru a unguwarmu ya tsaya mini a wuya, ya ƙi haɗiyuwa ya ƙi fita. In kun ga kuskure nawa ne, labarin kuwa na Goggo Sauda ne.

Goggo Sauda ɗinkin hula take yi. A gidan Ja'afaru ɗan yayanta take zaune, a unguwar Jahun, cikin ɗakin da ke jikin zaure. Ita ta raine shi, shi da ƙanensa Mansir, ita kuwa Allah bai ba ta nata ba. Da hantsi ya yi za ka same ta bakin ƙofa a kan tabarma, hula a gwiwa, zare a baki. Idonta na hagu ya daɗe da tafiya. Na dama shi ne jarinta, shi ma likita ya ce hawan jinin ido na cinsa ta gefe-gefe, yadda gara ke cin tabarma. Ya ba ta maganin ɗigawa, 'yan kwalabe masu murfi ruwan ɗorawa, ya ce safe da yamma har iyakar rai. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma abin da ya rage ana iya tsare shi.

Da yake gidan mai yara ne, ga na kunne ga na mura, Goggo kuma ba ta yi boko ba, sai ta yi wa nata shaida. Duk kwalbar da aka karɓo mata sai ta ɗaura mata jan zare a wuya, ta ƙulle da irin ƙullin da take rufe ɗinkin hula da shi, biyu a kwance ɗaya a kansu. Ko ido rufe ta shafa, ta san nata ne.

Wata ranar Talata da la'asar Ja'afaru ya faɗo gidan daga ofis, ko takalmi bai cire ba, waya a hannu.

"Goggo! Kin ɗiga na yamma?"

"Yanzu dai nake shirin tashi."

"Kar ki kuskura! Aishatu, fito ki ji wannan bala'in."

Matarsa Aishatu ta fito daga kicin tana jan ƙafa, da tsohon cikinta. Ya danna wayar. Sai ga muryar wata mata tana kuka kamar ranta zai fita. Ta ce 'yan'uwa Musulmi da Kirista, don girman Allah a saurare ta. Ta ce mahaifiyarta ta ɗiga maganin ido mai murfi ruwan ɗorawa, ta wayi gari idanun sun tsiyaye. Ta ce wani babban likita a ƙasar waje ya tona asiri kafin ya mutu, da gangan aka haɗa maganin don a makantar da baƙar fata. Maganin gaskiya shi ne ruwan albasa da zuma. Duk wanda ya ji bai tura wa mutum goma ba, haƙƙin makafi na wuyansa. Ƙarƙashin saƙon ga hoton wata fuska a kumbure, ba kyan gani.

"Inna lillahi," in ji Aishatu, ta dafe ƙirji.

Goggo ta cire zaren daga baki. "Wace ce wannan?"

"Wata baiwar Allah ce."

"'Yar ina ce?"

"Goggo, ana maganar idonki kina tambayar gari?"

"Ai na ga shekara da shekaru ina ɗigawa, ban ga ya tsiyaye ba."

"A hankali yake ci. Ɗayan idon ina yake? Kin gani ko?"

Ta so ta ce ɗayan ya tafi ne tun kafin ta san wata kwalba, amma ta ga gumi a goshinsa, sai zuciyarta ta yi sanyi. Yaron nan tsoro ya ji dominta. Ya shiga ɗakin ya kwaso kwalaben duka, har waɗanda ba a buɗe ba, ya haɗa da katin asibitinta. Ya jera su a kan tabarma ya ɗauki hoto, ya tura cikin guruf ɗin dangi da shi ya buɗe kuma shi ke shugabanta, mai suna Zuri'ar Malam Hammajoda. Kafin a kira magariba yabo ya fara zuba. Ya zauna gefenta yana karanta mata ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta ce Allah ya yi masa albarka, wancan ya ce ilimi ya yi rana. Kawu na Zungur har da saƙon murya, ya ce ranar Juma'a zai sa a yi wa Ja'afaru addu'a a masallaci, don ya ceci idon tsohuwa.

Goggo ta yi murmushi. Ita ma albarkar ta sa masa.

Washegari Aishatu ta goga albasa ta tace a tsumma, ta gauraya da zuma a murfin kofi. Ɗigo ɗaya ya shiga, Goggo ta ji kamar an watsa mata garwashi. Ta damƙe gefen tabarma tana salati.

"Ciwon ne ke fita, Goggo," in ji Aishatu. "Daure."

Ta daure. Ta daure ranar, ta daure kashegarinta. Idon ya yi jawur, da safe sai ta jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin ya buɗe, ƙudaje kuma suka same ta. Sannan ciwon kai ya zo ya zauna a bayan idon, ba ya tashi. In an kunna ƙwan lantarki sai ta ga wani zobe mai launi-launi ya kewaye shi. Ta faɗa wa Ja'afaru. Ya ce dafin wancan maganin ne bai gama fita ba, da an bar ta da shi da yanzu wani zance ake.

Duniya ta soma matsewa daga gefe. Da, in Aishatu ta fito daga kicin Goggo na ganinta ta wutsiyar ido. Yanzu sai dai ta ji mutum tsaye a kanta. Ta yi karo da turmi, ƙaurinta ya fashe. Ta kifar da butar alwala har ta daina ƙirgawa. Zura zare a allura, abin da take yi tana hira, ya koma aikin rabin hantsi. Dillalin da ke kai mata huluna kasuwar Wunti ya dawo da guda, yana juya ta a hannu.

"Goggo, wa kika ba wannan ya ɗinka? Ba hannunki ba ne. Zanen ya karkace."

"Hannuna ne," ta ce. Ta karɓi hular ta tura ƙarƙashin filo.

Ana cikin haka Mansir ya zo daga Yelwa, inda yake karatu. Da ya ga idon sai ya tsaya a bakin ƙofa. Ya durƙusa gabanta ya fito da wayarsa.

"Goggo, na bi sawun saƙon nan. Hoton da aka saka, na wani mutum ne da gas ɗin girki ya ƙona a wata ƙasa, an daɗe da buga shi a jarida. Likitan kuma ba suna, ba gari, ba asibiti. Saurari wannan."

Ya danna. Mata ce tana kuka, 'yan'uwa Musulmi da Kirista, mahaifiyarta ta ɗiga maganin kunne ta kurmance. Ya sake danna wani. Kuka dai, mahaifiyarta ta ci miya da wani ɗanɗano, ƙodarta ta lalace. Goggo ta karkata kai. Wanda idonsa ya yi rauni kunnensa ba ya wasa.

"Ita ce. Har jan majinar iri ɗaya. Ga akuyar nan ma da ke kuka a bayanta." Sannan ta ce, "Kai, uwar nan ta sha wuya. Ba kunne, ba ido, ba ƙoda."

Mansir ya yi dariya, hawaye na zubo masa. Ya ce ya riga ya saka bayanin duka a guruf, kowa ya gani.

Wannan ne kuskurensa. A zuri'ar Malam Hammajoda, ƙarami ba ya gyara wa babba magana a gaban mutane, guruf kuwa gaban mutane ne, har da surukai a ciki. Ja'afaru ya dawo gida kamar zai tashi sama.

"A gaban kawunnai za ka ƙaryata ni? Kai da jiya-jiya na kai ka makaranta?"

"Yaya, ba kai na ƙaryata ba. Saƙon na ƙaryata."

"Wa ya tura saƙon?"

"Yaya, dubi idonta mana!"

"Likita ka zama? Daga shiga jami'a sai gemu da raini. Na cire ka daga guruf, kuma kar in sake ganin ƙafarka a gidan nan sai ka nemi gafara a rubuce, kowa ya karanta."

Mansir ya juya wajen Goggo ya ce ta tashi ya kai ta asibiti yanzu, ko da kati ko babu. Ta dubi inda take jin numfashin Ja'afaru, ta dubi inda Mansir yake. A bayanta ta goyi kowannensu. Ba za a ce a kanta suka raba hanya ba.

"Tafi makaranta, Mansir. Yayanka ne, zai huce. Shi zai kai ni da kansa."

Har zuciyarta haka ta yi imani.

Ta bari kwana biyu, ta same shi da safe yana shan shayi.

"Ja'afaru, a mayar mini da 'yan kwalabena."

"Na zuba su a masai tun ranar, Goggo."

"To a koma asibitin."

"Wannan makon ba hali, muna da baƙi daga Abuja."

Mako ya zagayo. Ya ce mota na gareji. Ya sake zagayowa. Ya ce ta ga dai Aishatu yau ko gobe, a bari ta sauka lafiya. Da Goggo ta ce ai Mansir ya nuna ƙarya ne, sai ya ɗaure fuska.

"Ni fa ba ni na ƙirƙira ba, turo mini aka yi. Kuma waɗanda suka ce ƙarya ne, su wa ya tantance su? A waya aka ce eh, a waya aka ce a'a. Ni na zaɓi in yi hattara."

Ta koma wajen Aishatu. Aishatu ta ce, "Wallahi Goggo ni nawa ido. Abin da maigida ya ce shi ke nan." An daina albasa da zuma ba tare da kowa ya ce a daina ba. Ba a kuma kawo komai a madadinsu ba.

Goggo ta ɗauko wata farar hula ta fara wa Ja'afaru, wadda zai sa ranar suna. Da laluben yatsa take bin zanen. Ba ta kai rabi ba ta soke allurar a jiki ta ajiye.

Aishatu ta haifi mace. Ranar suna gidan ya cika ya batse, ana ta suyar masa a tsakar gida, mata na shiga da fita. Da safe aka raɗa suna Saudatu. Aka yi ta guɗa, aka kawo jaririyar aka ɗora wa Goggo a cinya, ga takwara, ga takwara. Goggo ta sunkuya. A lokacin ganinta ya koma kamar na mai leƙe ta kafar allura. Ta ga kunne. Ta matsar da kai ta ga hanci. Ta sake matsarwa ta ga ɗan baki yana motsi. Ta yi ta yawo da kai tana son ta haɗa su su zama fuska, suka ƙi haɗuwa. Aka karɓe yarinyar don wasu na jira.

Bayan la'asar Hajiya Bintu, mahaifiyar Aishatu, wadda ta zo daga GRA, ta shigo ɗakin Goggo tana fifita da gefen mayafi.

"Goggon yara, bari in fake a nan, hayaniyar nan za ta fasa mini kai. Lokacin maganina ma ya wuce. Riƙe mini wannan in cire tabarau."

Ta saka mata wata 'yar kwalba a tafin hannu. Yatsun Goggo suka rufe a kanta. Suka hau wuyan kwalbar da kansu, suka tsaya. Zare. Biyu a kwance, ɗaya a kansu.

"Hajiya, ina kika samo wannan?"

"Au, naki ne ai! Na ma manta ban yi miki godiya ba. Irin wanda nake ɗigawa ne. Ja'afaru ya kawo mini su cikin leda, ya ce kin warke, ba kya buƙata, kar su lalace a banza."

"Ja'afaru da kansa?"

"Da kansa, Allah ya yi masa albarka. Har na ce masa, ba wannan ne aka ce yana makantarwa ba? Ya yi dariya ya ce, Hajiya, ƙaryar 'yan waya ce, ƙanena ma ya bincika. Kin san yaran yanzu da bincike." Ta miƙo hannu. "Ba ni in ɗiga."

Goggo ba ta buɗe hannun ba.

Hajiya Bintu ta mayar da tabarau, ta matso, ta dubi idon Goggo da kyau, karon farko tun shigowarta. Fifitar ta tsaya. Ta ɗauki jakarta a hankali ta fita.

Goggo ta aika a kira mata Ja'afaru. Ya jima kafin ya zo. Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa, sai kuma ƙarar sabuwar shadda.

"Goggo, ga ni, amma a gurguje, manyan ofis ɗinmu sun iso."

Ta ɗaga kwalbar ta inda take jin muryarsa. "Masai ya dawo da ajiyarka."

Shaddar ta daina ƙara.

"Goggo, ki tsaya ki ji."

"Ina ji. Shi kaɗai ya rage mini."

Ya janyo ƙofa ya rufe, ya rage murya. "Da farko wallahi na yarda da saƙon. Kin ga yadda na shigo ranar. Daga baya da na gane, magana ta riga ta yi nisa. Kawu ya sa an yi mini addu'a a masallaci, Goggo, a masallaci! In dawo in ce yaro ya fi ni gaskiya? Wa zai ƙara jin maganata a dangi? Na so ne in bari zancen ya kwanta tukuna, sannan in kai ki asibiti a hankali, ba wanda ya sani."

"Zancen ya kwanta?"

"Ya kusa."

"Idon bai jira shi ba."

"Goggo, shekaru ma fa suna da nasu. Komai da ƙaddara. Ko da ana ɗigawa, wa ya san abin da Allah ya rubuta?"

"Surukarka ba ta da ƙaddara ne, da ka kai mata?"

Ta ji yana sosa ƙeya, yadda yake yi tun yana yaro in ta kama shi da hannu a tukunya. A da abin dariya yake ba ta.

"In da a hannunki aka gan su, dole a ji a dangi," ya ce. "Ita kuwa can GRA wa zai gani? Kuma Goggo, ki dubi abin da na yi miki yau. A gaban jama'a na yi miki takwara. Wa aka yi wa haka?"

"Ka ba ta sunana. Fuskarta ce ka hana ni."

Wani ya ƙwala kiransa daga waje, ango, ango, a zo a yi hoto. Ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka ceto.

"Bayan suna za mu zauna, na yi alkawari. Don Allah kar ki bari baƙi su ji."

Ya fita. Ya ja mata ƙofar.

Matar da ke kuka a cikin waya ba ta san Goggo Sauda ba. Ba ta taɓa cin tuwon hannunta ba, ba ta taɓa yi mata fitsari a baya ba. Ƙaryarta ta zo ta wuce, a yini ɗaya aka tone ta. Abin da ya cinye idon Goggo ba a waya yake ba. A gidan yake kwana, kullum da safe kuma sai ya durƙusa ya ce Goggo ina kwana.

Ta buɗe kwalbar, ta ɗaga kai. Ɗigon farko ya sauka a kunci. Na biyu ya shiga, da sanyinsa da ta kusa mantawa. Ta san ba zai dawo mata da kunne da hanci su zama fuska ba. Amma kafar allurar nan da ta rage tata ce, ba kuma za ta bar ta a gidan da ake jiran zance ya kwanta ba. Ta ƙulle kwalbar a bakin zane, ta lalubo mayafi. Farar hular ta bar ta a kan filo, da allurar a soke.

Ta bi bango. A bakin zaure mata sun yi da'ira a kan wata waya, an yi tsit ana sauraro. Murya ce tana kuka, 'yan'uwa Musulmi da Kirista, mahaifiyarta ta shafa wani man zafi ƙafarta ta ruɓe. Can baya akuya ta yi kuka.

"Inna lillahi! Turo mini, don Allah turo mini!"

Goggo ta ratsa ta gefensu, tana tura takalman baƙi da ƙafa. Ba wadda ta ɗago. A bakin titi ta ɗaga hannu ta bar shi a sama har ta ji keke napep ya tsaya.

"Ina za ki, Mama?"

"Yelwa. Wajen ɗana."

"Wane layi?"

"Mu je dai. In mun isa na tambaya."

Da magariba hotunan suna suka cika guruf ɗin Zuri'ar Malam Hammajoda. Ja'afaru ya saka na jaririyar, ya rubuta a ƙasa: Takwarar Goggonmu. Aka yi ta masha Allah, aka yi ta Allah ya raya. Kwanon masar da aka ajiye a ƙofar ɗakin jikin zaure kuwa yana nan a rufe, har ya huce.